Kwalbar Gansakukar Dokta Rabi

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Marigayiya Dokta Rabi, taubashiyata, ita ta ɗana tarko, ni kuma na faɗa ciki da babbar rigata.

Duk wanda ya san gidanmu na Limancin Kona ya san halinta. Ka miƙa mata ruwa, sai ta tsoma yatsa ta lasa tukuna. "Babu gishiri," in ji ta, kamar an yi mata rowa. Shekara talatin ta yi a bakin teku tana aikin gansakuka. E, gansakuka! Wai ta teku ce, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru sun mai da ruwa kore.

Na ce, "Rabi, duk bokon nan a kan abin da muke kankarewa a bakin rijiya ya ƙare?"

Ta ce, "Tanimu, man kifin da likita ya ce ka riƙa sha saboda zuciyarka, wa ya yi shi?"

"Kifi mana."

"Kifi dillali ne irinka. Gansakuka ke yin man, shi ya haɗiye, a yaba masa. Mu kuma muna gyara ƙwayoyin gadonta, ta riƙa yin man da yawa, a sallami dillali."

Shekara arba'in ina dillancin gidaje, ba a taɓa sallamata tare da kifi ba sai ranar.

Likitan nan bai tsaya kan man kifi ba. Ya ce in bar tsire mai kitse, in riƙa motsa jiki, in ba haka ba zuciyar za ta ajiye aiki. Rabi ta yi faɗa har ta gaji. Na ce daga tabarmar zaure zuwa masallaci ai tafiya ce.

To, ƙwayoyin gansakukar da aka gyara suna kulle a ɗakin gwaji, ko ita ba ta isa ta fito da su ba. Amma tana da kwalba ɗaya a saman bene, ta irin da ba a taɓa ba, tana kiran su kakanni. Ruwan tekun ma ita ke haɗawa, da gishiri da ɗan sikeli. Teku a Zariya, jama'a!

Da za ta tafi Umara ta yi wata guda, sai ta kira ni, fuska a murtuke.

"Sau uku a rana za ka hau ka girgiza kwalbar nan. Kai da ƙafarka, ban da aike. In ta mutu, aikin shekara talatin ya mutu."

Matakala ashirin da biyu! Ranar farko sau uku na zauna a hanya ina salati. A mako na biyu kuwa ina hawa ba hutu. Da numfashi ya dawo, sai ilimina na aji huɗu na firamare ya motsa. Na ce, ba mai ake nema ba? Na ɗebo man gyaɗa cokali biyu na zuba. Na sauko ina taƙama, na gama a minti ɗaya abin da ya gagari masu digiri.

Kwana uku kwalba ta yi fari fat, ga wari. Innalillahi! Na hau acaɓa zuwa wani kududdufi wajen Kufena, na ciko koren ruwa na mayar. Don tsoro kuma na koma girgizawa sau biyar.

Rabi ta dawo, ta hau, ina biye da ita kamar wanda za a kai gaban alƙali. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar.

"Babu gishiri."

Ta ɗaga kwalbar a rana. Sai ga talibamban yana iyo abinsa.

"Kai, Tanimu, ka fi mu iya gyara! Gansakuka har da wutsiya?"

Na durƙusa, ni da furfurata. Na faɗi komai, har man gyaɗa. Na ce, "Rabi, na kashe miki shekara talatin."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Yanzu da ka hawo, sau nawa ka huta?"

"Ko ɗaya."

"To, na gasken suna ɗakin gwaji, wa zai ba dillali? Ni ba kwalbar nake so a girgiza ba, tumbinka ne."

Ni da na sayar da gida mai yoyo a tsakiyar damina, yau ga shi ni aka yi wa wayo.

Kwalbar tana nan a sama, ba komai cikinta. Har yau ina hawa sau uku, ni da aka ce zuciyata ce mai rauni, ga shi ita ta riga ni. Allah Ya jiƙan Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara. Wannan kam na san ba za ta nemi gishiri ba.