Da Tuluna Na Je Sunan Jikata

Magariya

Kafin ladan ya kira assalatu na riga na tashi ina jiƙa yashin da ke cikin tuluna. Ɗan ƙaramin tulu ne mai faɗin baki, na saye shi wurin masu tukwane a kasuwarmu. Na ƙulle kwalaben insulin biyu cikin leda, na binne su a tsakiyar yashin, na naɗe tulun da tsohon zane jiƙaƙƙe. Ni mai ciwon sukari ce, allura safe da yamma, kuma tun da ciwon ya kama ni ban sake kwana a wajen garin nan ba. Firigon ɗakina, inda nake sanyaya maganin, ya zame mini turke.

Abin da ya tsinke igiyar shi ne haihuwar 'yata ta fari, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Dungas. Ta daɗe tana ɓari, har likita ya hana ta hawa mota, shi ya sa ba ta zo gida goyon ciki ba. Yanzu Allah ya ba ta mace, rayayya. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna an damu da shi. Haka uwata ta yi, haka na yi. "Yarinyar" nake ce mata, in tana kusa in ce "ke". Mijinta kuwa tun ɗaurin aure ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle magana.

Ɗana Isufu ya ce ba inda za ni, wai maganina zai dahu a hanya. Na ce masa ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba, na wuce wurin majo, babban malamin jinya a asibiti. Majo ya ce, "Hajiya, maganin nan abokan gabansa biyu ne, rana da ƙanƙara. In kin tsare shi a inuwa mai sanyi zai yi miki makonni lafiya. Amma in ya daskare sau ɗaya, ko ya narke ya zama ruwan banza, sai zubarwa." Shi ya koya mini dabarar tulun.

Da ƙanwata Rabi muka isa tasha gari bai gama wayewa ba. Shofer mai tuƙa motar na ganin tulun ya miƙo hannu zai ɗora shi saman mota tare da buhunan albasa.

"Wannan a cinyata zai zauna," na ce.

"Hajiya, zinariya ce a ciki?"

"Da zinariya ce da na ba ka ka ɗora."

Ya yi dariya, ya ba ni wurin da rana ba za ta bugo ba. A shingen fita gari wani jandarma ya leƙo, ya duba katinmu na shaida, idonsa ya tsaya kan tulun. Na tone yashin na nuna masa kwalba, na haɗa masa da takardar majo. Ya ce mahaifinsa ma allurar yake yi, ya tambaye ni yadda ake haɗa tulun. Sai da fasinja suka fara tsaki sannan ya sake mu.

Dantchiao

Hantsi ya yi muna tafe lafiya, ina yayyafa wa zanen ruwa daga bidona na roba duk lokacin da na ji ya fara bushewa. Muna dab da shiga Dantchiao taya ta fashe, wadda za a sauya da ita kuma ba iska. Shofer ya hau kabu-kabu da tayar ya tafi neman mai faci, ya bar mu gindin wani gawo, ga shi watan bazara, rana kamar ta sauko ta zauna da mu.

Nan hankalina ya fara tashi, don ruwan bidon ya kusa ƙarewa. Na daina sha, na bar wa tulu. Rabi ta ce, "Yaya, tulu zai sha ke ki mutu da ƙishi?" Ba ta jira amsata ba ta nufi wata rijiya da muka hango makiyaya na shayar da shanu, ta dawo da bido cike. Na sha na yi hamdala, na jiƙa zane, na tusa yatsa cikin yashin na ji shi da sanyi kamar gindin randa. Muka ci dafaffen ƙwai da ɗan biredin da muka yo guzuri, don mai allura ba ya wasa da yunwa. Sai bayan azahar tayar ta dawo.

Dungas

La'asar sakaliya muka sauka Dungas, motar ƙauyen ta riga ta tafi. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, kuɗinsa jika uku, da gado ɗaya da fanka da bokiti. Mai masaukin mutum ne mai fara'a. Da ya ji magani ne a tulun, ya kai ni wurin firigonsa da yake sa lemo, yana ta yabonsa. Na buɗe na duba. Bangon ciki duk ƙanƙara ta kama, kwalaben da suka jingina da shi sun yi fari fat.

"Kuran ɗin naku na lantarki yana tsayawa?" na tambaye shi.

"Wani lokaci ya kwana, wani lokaci ya yi fushi."

Na ce na gode, abin da ke daskarewa da dare ya yi gumi da safe ba wurin maganina ba ne. A tsakar gidan akwai randa ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, a kan jiƙaƙƙen yashi. Nan na ajiye tuluna har magariba, na yi allura, muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa. Da za mu kwanta na shigo da shi ɗaki na sa shi ƙarƙashin taga inda iska ke shigowa. Da safe na ɗaga kwalbar na duba ta a haske, tana nan yadda na san ta, ba gudaji, ba sauyin launi.

Ƙauyen yarinyar

Mijin yarinyar ya aiko amalanken shanu ya ɗauke mu, muka isa da hantsi. Mata suka fito da guɗa suka janye Rabi zuwa cikin gida. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar ƙofar gida wurin tsofaffin mata, don ƙafafuna sun kumbura. Can gefe mahaifin surukin nawa ne da dattawan gari zaune. Surukin kuma ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa. Na ja mayafi na rufe fuska, wata tsohuwa ta amsa a madadina.

Baƙo ba ya riƙe kayansa a gidan mutunci, saboda haka aka kwashe namu duka, har tulun da na ajiye a gefena. Ta ƙasan mayafi na ga wanda ya ɗauke shi: surukina ne da kansa. Ashe yana da shago a ƙofar gida, da babban firigo na hasken rana da yake yin ƙanƙarar sayarwa. Tun da ya ji zan zo ya kwashe kaya ya ware wa maganina wuri, duk gari sun san da haka. Ina kallo ya tone yashin, ya ciro ledar, ya tura ta can ƙasa tsakanin ƙullin ƙanƙara, ya rufe, ya sa wa shagon kwaɗo. Ya jefa mabuɗi a aljihu ya nufi motonsa mai ƙafa biyu. Tsohuwar ta ce kasuwa zai je sayen ragon suna, sai yamma zai dawo.

Na matsa kusa da ita na raɗa mata, "A ce masa ya fitar, zai lalace."

Ta dafa ni ta ce, "Haba, gata yake yi miki. Kada ki kunyata yaro."

Na waiga, ba Rabi. Surukina ya riga ya hau moto yana buga shi. In ya tafi, kafin azahar kwalaben nan sun zama dutse, kuma ba inda zan samu wasu sai Magariya. Ko dai in juya a ranar ban ga suna ba, ko in zauna ciwo ya kayar da ni a gidan surukai. Tsoro ya kama ni, kunya ta kama ni. Moton ya tashi.

Na yaye mayafin na miƙe. "Kai, Hamisu!"

Ya kashe moto da sauri har ya kusa faɗuwa da shi. Tsohuwar ta kama baki. Tun da na riga na ɓara, sai na ƙarasa: na dube shi ido cikin ido na ce, "Allah ya yi maka albarka, na ga niyyarka. Amma maganin nan sanyin randa yake so, ƙanƙara kashe shi take yi. Buɗe ka ba ni."

Ya buɗe kwaɗon ya ciro ledar. Na duba, sanyi ne kawai ya taɓa su, ba su kama ba. Na mayar da su cikin yashinsu. Mahaifinsa ya yi gyaran murya ya ce, "To, kunyar da za ta kashe baƙuwa ba mu son ta a gidan nan. Hamisu, ka ji abin da uwarka ta ce. A kai tulun gindin randa." Dattawa suka yi dariya, tsohuwar dai ba ta ƙara yi mini magana ba sai da la'asar.

Na rungumi tuluna na shiga gida da ƙafata. Yarinyar na zaune bakin gado da jaririya a hannu, ta rame, ta sunkuyar da kai yadda ta saba in ta gan ni. Duk ɓarin da ta yi ban taɓa zuwa na ce mata sannu ba, sai dai in aika Rabi, in shiga ɗaki in yi kukana ni kaɗai. Na ce a raina, wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na zauna kusa da ita na karɓi jikata.

"Saratu," na ce, "sannu da wahala."

Ta ɗago ta dube ni, hawaye na zuba. Ta ce, "Inna, sake faɗa."

Na sake faɗa.

Komawa gida

An yi suna lafiya, an ci rago, na yi mako biyu ina dafa mata ruwan wanka. Tuluna na gindin randa, Hamisu da kansa ke leƙowa safe da yamma ya tambaya ko a ƙara wa yashin ruwa, amma har yanzu daga bakin ƙofa yake tsayawa, takalmi a hannu. A dawowa taya ba ta fashe ba, muka iso Magariya kafin la'asar. Washegari majo ya auna sukarina ya ce sai ka ce ban je ko'ina ba. Isufu ya ɗauki tulun ya jujjuya shi, ya ajiye a hankali.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa majo, da Rabi da ta ɗebo ruwa a rijiyar makiyaya, da mai masaukin da bai ji haushin na ƙi firigonsa ba, da surukina da ya buɗe kwaɗo bai yi musu ba. Tulun yana nan a kan firigo, na wanke shi na kife, don da kaka zan koma. Jiya da hantsi waya ta yi ƙara, Isufu ya duba ya ce, "Inna, yarinyar ce." Na ce, "Tana da suna. Ba ni Saratu."