Rabin Tatsuniyar da Na Hana Tarik

Iya, mahaifiyar Babana, ta zo Riyad da bizar ziyara ta wata uku, ta sauka a gidanmu na unguwar Shifa sanyi yana tsakiyarsa. Rigimar farko da ta tayar a kan hitar lantarkin da Baba ya saya mata ne. Ta ce wutar da ba ta hayaƙi, ba a gasa komai a kanta, wannan ba wuta ba ce, fitila ce mai zazzaɓi. Dole Baba ya nemo kasko da buhun gawayi, aka hau da su saman bene inda matan gidan ke shanya. Ranar Alhamis kuma ya biya kasuwar Aziziya ya ɗauko mana ɗanyar masara. Tun daga nan, tsakanin Magariba da Isha, Iya takan baje tabarma a gefen tankin ruwa, ta hura gawayi da murfin kwali, ta fara tatsuniya.

Shekarata tara a lokacin. A Riyad aka haife ni, da Larabci nake mafarki, Hausata kuwa duk a karye take. Iya ba ta taɓa kirana Habibu ba, sai dai maigida, kuma ba ta buɗe baki a kaina sai da tsiya.

"Ku dubi mijin da Allah ya haɗa ni da shi," in ji ta. "Ko gaisuwa bai iya ba. Kai kamar tulu, ƙafa kamar ta zalɓe. Ni dai na yi asara."

Umma sai ta yi ta dariya, ni kuma in cika in yi fam. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce haka kaka take yi da jikanta a can gida. Sun ɗauka abu ne da ake tsotsa a nono. A unguwarmu kuwa kakannin abokaina sumbatar jikokinsu suke yi a goshi suna ce musu habibi, wato masoyina. Duk da haka ina sonta, son da ban san yadda zan faɗa da Hausa ba, kuma kowace yamma ni ne farkon hawa bene.

Tarik ɗan maƙwabtanmu ne, ƙofarsu tana kallon tamu, ajinmu ɗaya. Falasɗinawa ne. Shi ma a Riyad aka haife shi, kakarsa tana Gaza, muryarta kawai ya sani a waya. Wata yamma uwarsa ta aiko shi kwashe shanya, ƙamshin masara ya tsayar da shi. Iya ta yafito shi da hannu, ta tambaye ni ɗan waye. Da na gaya mata, sai ta ajiye murfin kwalin ta daɗe tana kallonsa, don a kwanakin wuta ta sake tashi a ƙasarsu, kuma ko ita da ba ta jin Larabci tana ganin hotunan a talabijin.

"Gaya masa na yi sabon ango," ta ce. "Kai na sake ka."

Ni na fassara wannan da bakina. Daga ranar na zama tafinta. Iya ta faɗi yanki ta dakata, ni in juya wa Tarik da Larabci. Masarar da ta fara gasuwa tasa ce. Gefen da iska ba ta bugawa nasa ne, har takan ja bakin mayafinta ta rufe masa gwiwoyi. Ta koya masa amsar da yara ke bayarwa idan an buɗe tatsuniya, yana faɗinta da harshensa mai nauyi, ita kuma tana dariya har da tari. In ni na yi tuntuɓe a kalma ɗaya, sai ta ce, "Shi Balarabe ne. Kai kuma mene ne uzurinka?" Cikin mako guda ya fara kiranta Sitti, sunan da suke kiran kakanninsu, ita kuma tana amsawa.

Na yi kishi, ba kaɗan ba. Abin da ya fi ba ni kunya in tuna shi ne har yaƙin ƙasarsu na yi masa hassada. A makaranta malamai suna shafa kansa, a masallaci liman yana yi musu addu'a har muryarsa ta shaƙe, yanzu ga kakata ma ya ƙwace. Na taɓa buɗe taswira ina neman Malumfashi, garin Iya, ina fatan a ce wani abu ya faɗa wa garin, ko ni ma a tausaya mini.

Wata Juma'a bayan La'asar, Abu Tarik, wato mahaifinsa, ya shigo kallon labarai wurin Baba. Kwana biyar ke nan wayar mahaifiyarsa ba ta shiga. Aka nuno wani minista na wata ƙasar Turai yana cewa gwamnatinsa za ta yaƙi ƙiyayya ga Yahudawa a ko'ina a duniya, za ta naɗa wakili a kan haka, za ta tayar da maganar a gaban kowace ƙasa. Da aka tambaye shi Gaza, ya ce yana kira ga ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa. Abu Tarik ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya akhi, ɗan'uwana," ya ce wa Baba, "ban ce a taɓa Bayahuden da ke zaune a garinsa yana gyaran agogo ba. Haram ne. Amma uwata fa? Ita wa zai naɗa mata wakili?"

Iya tana gefe da carbi, ta ce in gaya mata abin da ake cewa. Na gaya mata. Sai na ga dama ta samu da zan nuna na fi Tarik jin zafin abin, na ɗaga murya da Hausa na ce Allah ya tsine wa Yahudawa duka. Na juya ina jiran yabo.

"Duka?" in ji Iya. "Guda nawa ka sani a cikinsu?"

Ba ta ƙara ba. Da muka hau bene bayan Magariba, ta jera masara, ta jawo Tarik kusa da ita, ta ce yau labarin mutane ne, babu dabba a ciki.

Wai akwai 'yan Tudu da 'yan Kwari, rijiya ɗaya tsakaninsu, kowa yana cewa kakansa ya haƙa. 'Yan Tudu sun fi ƙarfi, suka zagaye rijiyar da katanga, yaran Kwari suka fara mutuwa da ƙishirwa. A wani gari mai nisan kwana bakwai akwai wani marini, jinin 'yan Tudu, wanda kakansa ya baro can tun da daɗewa, shi ko rijiyar bai taɓa gani ba. Da labari ya iso, samarin gari suka ɗebo sanduna za su rushe masa marina. Sai wata tsohuwa mai daddawa ta zo ta zauna a bakin rijiyar shunin. Iya ta ƙanƙance murya ta kwaikwaye ta: "Shi ya gina katangar? Ku dubi hannunsa mana. Shuni ne a jiki, ba laka ba." Samari suka watse. Sarki ya ji, ya sa aka yi shela cewa wanda ya taɓa marini ya taɓa sarki, ya kuma aika manzanni garuruwan maƙwabta cewa kada a taɓa 'yan Tudun da ke zaune cikinsu. Gari ya ɗauki yabon sarki.

Iya ta dakata don in fassara. Hannunta yana kan Tarik. Na kalli hannun, na kalli masarar da ke hannunsa. Na ba shi labarin daidai har zuwa shelar sarki, sannan na ɗora nawa.

"Sitti ta ce marinin Bayahude ne, kuma sarki ya yi gaskiya. Ta ce 'yan Kwari su je su nemi wata rijiya."

Tarik ya daina tauna. Iya ba ta lura ba, ta ci gaba. Wai washegari tsohuwar ta ɗauki tulu babu ko ɗigo, ta shiga fada ta dire shi gaban sarki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka yi wa marini daidai ne, Allah ya saka. Amma manzanninka ta bakin katangar suka wuce, babu wanda ya tsaya." Sarki ya ce wannan rigimar nesa ce. Ta ce ai garuruwan da ya aika ma nesa ne. Kullum sai ta zo ta dire tulun, har fadawa suka fara tuntuɓe da shi, har sarki ya gaji ya tashi da kansa. Bai sauka daga doki ba sai da aka fasa wa katangar ƙofa. Marinin kuwa shi ya ba da igiyar guga. Iya ta daɗe a wannan yankin, tana faɗi tana kallon Tarik cikin ido, don nasa ne, dominsa ta kawo labarin.

Ta dakata. Na ce masa, "Ta ce labari ya ƙare. Halas."

Ya ajiye masarar a bakin tabarma, ya zame daga ƙarƙashin mayafinta, ya sauka ba sallama. Iya ta bi shi da ido, sannan ta juyo kaina.

"Me ka ce masa?"

"Abin da kika ce."

"Na yi tafiyar yini guda, kai ka isa da taku biyu?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta jin Larabci, amma ta san tsawon magana. Ba ta dake ni ba, ba ta kuma kai ƙarata wurin Baba ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ina nan sai ƙarshen wata."

Tarik bai sake hawa bene ba. A aji ya canja kujera. Bayan kwana huɗu labari ya zo cewa kakarsa ta rasu. Muka shiga ta'aziyya, Iya ta zauna ta riƙe hannun uwarsa tana hawaye, shi kuwa ya kulle kansa a ɗaki saboda ya ji muryar Iya. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin, magana biyu ce za ta buɗe shi. Na ji tsoron ya gaya wa 'yan ajinmu, na ji tsoron Baba, kuma gaskiya, wani ɓangare na zuciyata bai so ya dawo ba.

Na samu abin da nake so. Gefen da iska ba ta bugawa ya zama nawa, masarar farko tawa. Amma Iya ta daina kirana maigida. In na hau bene sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Habibu, bismillah." In na miƙa mata ruwa ta ce ta gode, Allah ya yi albarka. In na karya Hausa ta gyara mini a hankali, babu dariya. Kwana biyu na ji daɗi, na uku abin ya fara damuna. Na sami Umma a kicin na tambaye ta me ya sa Iya ta daina zagina.

"Zagi?" Umma ta ajiye ludayi. "Wasan jika ne, Habibu. Ai ba a tsokanar baƙo, lallaɓa shi ake yi. Naka kake tsokana."

Na koma bene ina ta jan magana, na tura mata kaina da gangan ko za ta ce tulu, na yi gaisuwa a karkace. Ta ce in zauna kada in ji sanyi. Haka muka ƙare watan. A filin jirgi ta sa mini albarka irin wadda ake sa wa ɗan kowa, sannan ta sunkuyo ta ce, "Yaron nan yana jiran sauran labarinsa." Na ce to. Da zafi ya shigo, kafilin Abu Tarik, wato mai kamfanin da iƙamarsu, takardar izinin zama, ke hannunsa, bai sabunta masa aiki ba. Muka dawo hutu muka tarar da wasu mutane a gidan su Tarik. Iya ba ta sake zuwa Riyad ba, ni kuma ban je Malumfashi ba sai bayan an binne ta.

Har yanzu a garin nan nake, kuma abin dariya, da aikin tafinta nake cin abinci. Duk lokacin da wata gwamnati ta fitar da sanarwa a kan wannan rigimar, ba kalmomin nake fara saurare ba, tsawonsu nake aunawa: wane yanki aka yi wa tafiyar yini, wane aka ba taku biyu. Akwai masu tsare marini da dukan ƙarfinsu su wuce ta bakin katanga ba su waiwaya ba. Akwai masu kukan rijiya da ba su damu ba in samari sun rushe marina, kuma ranar Juma'ar nan a falonmu cikinsu nake. Ina jin haushin duka biyun, amma ba na iya ɗaga murya sosai, don na san yadda ake yanke labari biyu, kuma na san ba kullum ƙiyayya ke sa a yi ba. Ni masara da bakin mayafi suka sa ni.

Sauran labarin yana nan a kaina da Larabci, da karin harshen su Tarik, na gyara shi ya fi sau ɗari. Na nemi sunansa a duk inda ake neman mutane, masu sunan sun yi yawa, waɗanda na tuntuɓa babu wanda ya taɓa zama a Shifa. In yana raye, yanzu magidanci ne, kuma abin da ya sani shi ne wata tsohuwa baƙar fata ta rufe masa gwiwoyi da mayafinta, ta ce su nemi wata rijiya a makon da kakarsa ta mutu.