Haƙorin Nana da bai fito ba

Da damunar nan ƙanwata Nana ta cika shekara uku a ƙasa. Ba ta kai ga yaye ba ta rasu, a sansanin da muka fake a gefen Illela bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu.

Ruwanmu a lokacin na kududdufi ne, wanda shanun da ake korowa kasuwa ke sha. Innarmu takan shimfiɗa kallabinta a bakin tulu ta tace shi sau biyu, in ya kwanta ya yi haske mu sha. Da Nana ta fara zawo, duk tsohuwar da ta leƙo rumfarmu sai ta sa yatsa a bakinta ta ce haƙori ne, kowane yaro da haka yake fitar da shi. Aka rataya mata laya. Aka ce a rage ba ta ruwa don cikin ya tsaya. Mun gudo da tsoron bindiga, ba wanda ya kawo tulu a ransa.

Idonta ya faɗa, maɗigarta ta lotsa. Ranar da aka yarda a kai ta asibiti, tana goye a bayan Inna ta cika, ba mu ko kai bakin titi ba. Wajen wanka Inna ta shafa dasashinta, ta ɗago ta dubi matan. "To ina haƙorin?"

Da tana raye, da yanzu ta isa aike da ƙaramar jarka. Ban san me za ta ce ba in ta ga har yau muna nan. An haƙa mana famfo, amma in ya lalace sai a yi wata ba gyara, mata su koma kududdufin nan da kallabinsu. Ya lalace tun kafin salla.

Na yi aure a sansanin, na haifi ɗiya, sunan Nana aka sa mata. Ruwanta nake tafasawa ko da itacen tuwo ne zai ƙare, ana ta yi mini dariya wai boko ya sa mini tsirfa. In maƙwabciya ta ɗauke ta, idona na kan moɗar da ke hannunta har ta dawo mini da ita.

Shekaranjiya ta wayi gari da zawo. Surukata ta sa yatsa a bakinta. "Mi kike ma kuka, ɗiyata? Haƙori na."

Na ɗora yarinyar a baya, na jawo zanen goyo. Inna ce ta taso, ta ɗaure mini shi tamau, ta shige gaba.

A bencin asibiti nake rubuta wannan, ana ƙara wa yarinyar ruwa. Nana ba ta bar mana ko hoto ba. Abin da ta bari shi ne tambayar nan ta Inna, kuma ita ta kawo mu nan da wuri. Allah Ya jiƙanta, Ya bar mini mai sunanta.