Saudat da Injin Ɗinkin Buhu

Saudat Lawal ba ta taɓa taka dunduniyarta a ƙasa yadda sauran mutane suke yi ba. Ranar da aka haife ta a Kumbotso naƙuda ta yi tsawo, ta daɗe ba ta yi kuka ba, abin ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Kanta ras yake, surutu kuwa sai dai a gaji a bar mata. Ƙafafun ne kawai a ɗaure. A kan yatsu take tafiya, gwiwoyi na gogar juna, ga sanda a hannu. In ta yi sauri ko ta firgita, sai tsokar ta sandare kamar itace, dole ta tsaya har ta saki.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharaɗa. Da ta kai talatin da huɗu sai abin ya ƙaru. Tana ɗora ƙafa a kan fedar injin, ƙafar ta kama karkarwa, ɗinki ya karkace. Wata safiya aka busa jiniyar shiga aiki, jama'a suka turo, ƙafafunta suka ƙage, ta faɗi a bakin get.

Hajiya Aina'u, shugabar sashensu, ta kira ta gefe. "Saudat, me zai hana a mayar da ke wajen ninke buhu? Can ba feda."

"Hajiya, ku yi mini haƙurin sati biyu. In ya gagara, ni da kaina zan koma."

Ta je asibiti wajen likitar gashin ƙashi. Likitar ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta ce tsokar da ta shekara da shekaru a ɗaure gajarcewa take yi. Ta koya mata miƙa jiki safe da yamma bayan gashi da ruwan ɗumi, aka auna mata takalmin roba mai riƙe idon sahu. "Ƙarfin da ya rage a ƙafar nan na tafiya ne," in ji ta. "Ki daina ƙarar da shi a kan feda."

Maganar ta zauna mata. Washegari ta sami Sila, dattijon makaniken kamfanin, mutumin Filato, yana goge hannu da tsumma.

"Baba Sila, in tambaye ku mana. Injin nan ya san ƙafa ce ke taka shi?"

Ya fashe da dariya. "Ina zai sani, 'yata?"

Ta ciro yagaggen kwali, ta nuna masa zanen da ta yi: ɗan ƙarfe a gefen tebur, daidai gwiwar hannunta, da waya har zuwa feda. Na farko da ya haɗa ya yi tauri, ko motsi bai yi ba. Na biyu ya yi laushi, tana taɓawa injin ya zabura ya ɗinke gefen hijabinta da buhu, mata suka yi ta dariya har da ita. A na uku aka dace.

Ranar da sati biyun suka cika, Hajiya Aina'u ta zo ta tsaya a kanta. Saudat ta miƙe ƙafafu a kan ɗan benci, ta danna ƙarfen da gwiwar hannu. Buhu ya bi buhu, kowane ɗinki a miƙe santal. Hajiya ta ɗaga ɗaya ta duba ciki da baya, ta ce, "Masha Allah."

Ƙafafun da suka samu hutu suka fara ba ta haɗin kai. Ba su warke ba, ba kuma za su warke ba, amma faɗuwa ta zama sai jefi-jefi. Mata biyu masu ciwon gwiwa suka roƙi Sila ya yi musu irin nata, ita ta koya musu.

Bayan wata huɗu manaja ya aiko yana son ganinta. Ofishinsa a sama yake, matakala goma sha huɗu. Aka ce ta jira, zai sauko.

"A'a, ku bar shi. Ni aka kira."

Ta kama ƙarfen bene, ta hau ɗaya bayan ɗaya. A ta tara ƙafar ta ƙage. Ta tsaya, ta ja numfashi, ƙafar ta saki, ta ci gaba. Da ta isa, manaja ya miƙe ya jawo mata kujera da kansa, ya ce daga Litinin ita ce mai koyar da sababbin ma'aikata a sashen ɗinki.

Saudat ta share gumi da bakin hijabi. "Na gode, ranka ya daɗe. Amma a fara sanya wa kowane inji benci da ƙarfe irin nawa."