Rigzin da Baƙo Mai Doguwar Jaka

Shekara talatin Rigzin Angchuk yana yi wa matafiya jagora a duwatsun Zanskar na arewacin Indiya, kuma daga tambayar mutum yake gane nufinsa. Wata rana ana tsakiyar sanyi, wani baƙo ya shimfiɗa masa taswira, yana so a kafa tanti a bakin kwazazzabo.

"Baba, nan damisa ke saukowa, ko?"

Rigzin ya kurɓi shayinsa mai gishiri, ya dubi doguwar jakar mutumin, mai tsawon bindiga. Kowa zaftarewar dusar ƙanƙara yake fara tambaya, ban da wannan.

"Hoto ka ce za ka ɗauka? Buɗe jakar mu gani, ɗana."

Baƙon ya naɗe taswirarsa ya fice. Washegari Rigzin ya taka har ƙauyen gaba, ya ce wa mutanen can su sa ido, mai neman harbin damisa na yawo.