Motar da Ta Daina Sallama

Ranar wata Laraba, kwana huɗu bayan babbar sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, jar motar Kawu Sule ta shigo zangon Bawku. Muna tsakar gida muna tsince tsakuwa daga gero muka ji ƙasa na rawa, kwanukan Inna na kaɗawa, zabi suka watse kan katanga. 'Yar gajeriya ce, kujera biyu kacal, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Kawu ƙanen Inna ne, mutum mai son a ce ga shi, daga Lome ya sayo ta. Motar tsere ce da aka yi don kwalta mai santsi, shi kuwa ya dinga tura ta Yendi da Salaga kan harkar doyarsa, a hanyar da ba komai sai tsakuwa da ramuka. Kafin wata biyu salansarta, tukunyar hayaƙi mai rage ƙara, ta huje, duk ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya kwance. In ta taso sai ka ce injin niƙa ne ke jan buhun gwangwani.

Aikina a lokacin, bayan ɗebo ruwa a famfo da wanke-wanke, shi ne kula da ƙanena Mamuda, ɗan shekara uku mai ƙiriniyar tsiya, in Inna ta tafi kasuwa. Ba abin da yake so kamar zama tsakiyar lungunmu yana tonon ƙasa. Ni kuma raina na kan ampe, wasan tsalle da tafi da 'yan matan garinmu ba sa gajiya da shi. Sai na samo dabara. Tun daga kasuwar shanu ake jin kukan motar, don haka nakan ƙarasa tsallena, in yi gardamar wa ta ci, sannan in je in ɗauke shi a tsanake. Ba ni kaɗai ba, duk matan lungun da wannan kukan suke kwashe yara da shanya.

Amma dattawa suka gaji, har liman ya aiko cewa motar na rikita masa karatu. Kawu ya zo wurin Baba, wanda makanike ne, fita kamar yadda muke cewa, ya ce, "Masta, motan nan yana kunyata ni. Ka kashe mini kukanshi duka." Kwana uku Baba ya yi a ƙarƙashinta, a garejinsa na gindin darbejiya. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin ƙarfe, ya kanga kunne a ƙotarta, ya rufe ido har ya gano inda rawar take. Ya yi wa salansa walda, ya yanka tsohuwar taya ya rataye bututun hayaƙin da ita don kada ya riƙa bugun gindin motar, ya ɗaure kowane noti, ya cusa roba duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Da aka tayar, sai da na dafa ta na yarda tana aiki. Kowa ya yaba, ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce, "Kun cire mata sallama." Aka yi dariya, aka ce tsufa.

Daga nan lungun ya yi wani irin shiru da ban so ba. Sai dai ka waiwaya ka gan ta a bayanka, ja wur, ba ka san lokacin da ta iso ba. Ta taka kazar maƙwabta, ta bi ta kan barkonon da aka shanya. Kaka ta ja kunnena sau biyu, na ce to, amma ƙafata ta riga ta saba da jiran kukan da babu shi. Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, ina bayan katangar makarantar allo, saura tsalle ɗaya in cinye. Abin da na fara ji shi ne ƙarar birki, sai salatin mata. Na iske Mamuda kwance, ƙafarsa ta hagu a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Bai ma yi kuka ba, ni yake nema da ido.

Ya rayu, amma ƙashin bai ɗoru daidai ba. Kawu ya rabu da motar a satin. Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wasu kuma a bayan ido suka ce aikin Baba ne ya yi kyau fiye da kima. Baba ya ji, ya kuma yarda. Har ya bar duniya bai sake taɓa salansar kowa ba, in an kawo sai ya ce a kai gaba. Inna ta tambaye ni ina nake a lokacin, na ce na shiga ɗebo wa Mamuda ruwan sha. Ba wanda ya sake tambayata, ni kuma na bar Baba da kayan da rabinsa nawa ne.

Yanzu motoci sun cika Bawku, yawancinsu lumui suke tafiya, yara kuma ba sa zama a lungu kamar da. Mamuda tela ne a Yendi, da iyalinsa, yana ɗingishi yana dariya, kullum yana gaya wa 'ya'yansa cewa Yaya ce ta raine shi. Ina kewar lungun nan da hayaniyarsa, ina kewar Baba da hannunsa baƙi da man inji. Gaskiyar da ya kamata ya ji tun yana raye, ga shi sai yau na faɗe ta, ga mutanen da ba su san shi ba.