Tabarau Biyu na Likitan Kwalta

A kamfanin gyaran hanya, can bayan fili inda ake jibge tsofaffin tayoyi, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Nan ne mazaunin mutumin da direbobi suka laƙaba wa Likitan Kwalta. Ba ya duba kowa sai kwalta, ita kuwa ba ta taɓa ce masa sannu ba.

Aikinsa shi ne ya gano zafin da kwalta ke fara saki. Zai narka ta, ya zuba cikin ƙananan zobba biyu na tagulla, ta huce, ya share samanta da wuƙa mai ɗumi. Sai ya ɗora wa kowane zobe ɗan ƙwallon ƙarfe, ya nutsa su cikin kofin gilas mai ruwan sanyi, ya kunna wuta a ƙasa. Ruwa na ɗumama a hankali, kwalta na lanƙwasa, ƙwallo na janta ƙasa kamar igiyar ruwan kuɓewa. Da zarar ta taɓa farantin ƙarfen da ke ƙasa, a karanta ma'aunin zafi nan take. Kwaltar da ta saki da wuri, rana ɗaya za ta mai da titi tabarmar danƙo.

Warin ɗakin ya kori kowa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure nesa, sai dai waya jefi-jefi. Mutum ɗaya ke zama wurinsa, Dogo, direban da ke kawo gwangwanayen kwalta. Tun lokacin da idon Likita ya fara hazo, Dogo ya ɗauki aikin karanta masa lamba. Likita ya ƙura wa ƙwallo ido, ya ce, "Ta taɓa!" Dogo ya rusuna ya faɗi abin da ma'auni ya nuna, yana hura hanci kamar shi ya ƙera shi. Kafin ruwa ya yi zafi kuwa an sha hira, daga ciwon gwiwa har rashin kunyar 'yan acaɓa.

Abin da Dogo bai sani ba, Likita ya daɗe da zuwa asibitin ido. Tabaransa na cikin aljihu, garau yake gani da shi. Amma da ya ji ƙarar motar Dogo sai ya zare ya ɓoye. In Dogo ya ga an daina buƙatarsa, zai dire gwangwani a bakin ƙofa ya wuce kamar sauran, ɗakin ya koma shiru. Tsoron wannan shirun ne ya sa dattijo da furfurarsa yake wasan ɓuya.

Ran nan Dogo ya shigo bai zauna a bencinsa ba. Ya ce yara sun matsa ya ajiye tuƙi, zai koma wurin babban ɗansa, tafiyar kwana guda a mota.

"To, Allah ya sa hutu ne," in ji Likita, yana goge zoben da ya riga ya goge.

"Hutu kam. Kai ne dai damuwata, mutumina. Wa zai riƙa karanta maka? Waɗannan sababbin direbobin ko gaisuwa ba su iya ba."

Sai ya zaro wani ɗan ƙunshi daga aljihu. Tabarau ne na bakin kasuwa, mai kaurin gilashi, irin wanda ake gwadawa da guntun jarida.

"Na gwada kusan duk na teburin mai sayarwar kafin na zaɓo wannan. Saka mu gani."

Likita ya ji nasa tabarau yana tokarar ƙirjinsa ta cikin riga. Ya karɓi kyautar da hannu biyu ya saka. Ɗakin gaba ɗaya ya narke: kofi, taga, Dogo, duk suka zama inuwa mai rawa, har kansa ya fara juyawa.

"Yaya? Kana gani?"

"Tar nake gani. Har ƙurar da ke hularka."

Dogo ya kwashe da dariya, ya ce yau zai yi barci da minshari. Suka yi musafaha, Likita ya lalubi hannun sau biyu kafin ya kama, Dogo ya ɗauka zumuɗi ne.

Likita ya raka shi bakin ƙofa yana dafa bango. Bai yarda ya cire kyautar ba, don Dogo yana ta waiwaye yana ɗaga hannu. Da motar ta fice daga fili, ya yi maza ya sauya tabarau, amma babu kowa a wurin sai maigadi yana jan ƙofa. Ashe ko fuskar abokinsa bai gani ba a lokacin rabuwa.